An Ce Wata Biyu, An Yi Shekara Ɗaya Da Rabi: Ina Ɗan Wasan Ya Shiga?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wata gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu ta gidan kallon ƙwallo. Ni ɗan Man U ne. Lokacin da Tyrell Malacia ya ɓace kusan shekara ɗaya da rabi, kulob ya ce ciwon gwiwa ne. Wani abokinmu ya rantse ƙwaya aka kama shi da ita aka rufa masa asiri, wani ya ce faɗa ya yi da koci, wani ma cewa ya yi jifa ne. Har yau duk ɗan wasan da ya daɗe bai dawo ba sai maganar ta sake tasowa. Shin akwai ciwon da za a ce wata biyu ne kuma ya zarce shekara, alhali ga kuɗi ga manyan likitoci?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma ba ɗaya ba. Na daɗe ina aikin fisiyo, wato gashi da motsa gaɓɓai bayan rauni ko tiyata, kuma bayanin da ya fi ba ni wuya ga majinyaci da danginsa shi ne wannan: kuɗi suna kawo ƙwararren likita da na'ura, amma ba sa kai jini wurin da ba a halicci hanyar jini ba. Jini kuwa shi ne mai gyara.

Harshenmu ma yana da hannu a ruɗanin. Kalma ɗaya muke da ita, jijiya, muna kiran hanyar jini da ita, muna kiran wayar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da ita, haka igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, haka wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi. Sai mutum ya ji an ce wane ya ji ciwo a jijiya ya dawo bayan sati uku, wane kuma ya yi shekara, ya ce lallai akwai lauje cikin naɗi. Alhali ba abu ɗaya ba ne ya lalace. Tsoka cike take da jini, shi ya sa tsagewar tsokar bayan cinya kan ɗauki sati biyu zuwa shida. Ƙashi ma yana da jini sosai: karaya mai sauƙi tana haɗewa cikin sati shida zuwa goma sha biyu, kuma wannan ne ya sa masu ɗori na gargajiya suke cin nasara a karaya da yawa, domin idan an daidaita ƙashin an hana shi motsi, jiki ne ke ƙarasa aikin. Amma agara da guringuntsi jininsu kaɗan ne ƙwarai. Kullum ina gaya wa samari masu buga gasar unguwa cewa sau da yawa gara ka karye da ka yage guringuntsin gwiwa, sai su dube ni kamar na zautu.

To ga inda ciwon Malacia yake. A cikin kowace gwiwa akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Likitoci suna kiransu meniskus. Ni gammo nake ce musu, don aikinsu ke nan: ɗaukar nauyi kada ƙashi ya gogi ƙashi. Gefen gammon na waje, kamar kashi ɗaya cikin uku, shi ne ke samun jini. Sauran na ciki kusan babu. Idan ya yage, likitan tiyata yana da zaɓi biyu. Ko dai ya datse wurin da ya yage ya jefar, ɗan wasa ya koma fili cikin sati huɗu zuwa takwas amma da ragaggen gammo, wanda zai biya bashinsa da ciwon gwiwa a gaba. Ko kuma ya ɗinke, a yi wata uku zuwa shida ana jira, da sanin cewa ɗinkin yana iya ƙin kamawa.

Dubi mutum uku da abu ɗaya ya sama. An yi wa Luis Suárez tiyatar meniskus ranar 22 ga Mayun 2014. Ranar 19 ga Yuni, kwana 28 kacal, ya zura wa Ingila ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya a Brazil. Ansu Fati ya yage nasa a wasan Barcelona da Real Betis a Nuwamban 2020 yana da shekara 18. Aka ɗinke, domin ba mai son datse wa yaro ƙarami gammo, kulob ya ce wata huɗu. Gwiwa ta yi ta tara ruwa, aka sake komawa ɗakin tiyata, bai taka leda ba sai ƙarshen Satumban 2021 a wasa da Levante. Shi kuwa Malacia, wanda shi ne ɗan wasa na farko da Erik ten Hag ya sayo daga Feyenoord a 2022, an yi masa tiyata bayan an gama kakar 2022/23. Ana cikin jinya gwiwar ta ƙi lafawa, aka sake ɗaukar hoto aka ga ɓurɓushin guringuntsi a ciki, aka sake buɗewa wajen ƙarshen 2023. Ma'anar tiyata ta biyu ita ce an koma ranar farko, amma da ƙafar da ta riga ta yi watanni tana ramewa. Daga wasansa na ƙarshe a United a Mayun 2023 zuwa ranar 28 ga Nuwamban 2024 da ya buga da Bodø/Glimt, kwana 550 ne. Duk ukun, idan ka karanta sanarwar kulob, kalma ɗaya za ka gani: gwiwa.

Abin da zan so ka kai wa majalisarku shi ne, shi kansa kocin bai tsira daga wannan lissafin ba. A Janairun 2024 United ta mayar wa Tottenham da Sergio Reguilón, wanda ta karɓo aro don ya toshe gurbin bayan hagu. Daga baya Ten Hag ya faɗa a gaban 'yan jarida cewa ya yarda da hakan ne saboda sashen lafiya ya tabbatar masa Malacia da Luke Shaw za su samu. Malacia bai buga ko minti ɗaya ba a kakar, Shaw ya sake jin ciwo a Fabrairu, aka ƙarasa kaka ana jera 'yan wasan da ba gurbinsu ba ne a wurin. Da a ce wani sirri ake rufewa, kocin da kujerarsa ke rawa ba zai saki ɗan bayan hagu ɗaya tilo da yake da shi lafiyayye ba.

Ranar da kulob ke faɗa ba alkawari ba ce. Lissafi ne na yadda abin zai kasance idan komai ya tafi daidai. Jinyar ɗan wasa kuwa hawa-hawa ce: daga sanda zuwa taka ƙafa, zuwa keke da ninkaya, zuwa gudu a miƙe. Gudu a miƙe ba komai ba ne, kuma shi ne hoton da kulob ke sakawa a Instagram magoya baya su ce ai ya warke. Jarrabawar gaskiya ita ce birki da juyi da dira daga tsalle, sannan karo da mutum. A kowane mataki muna ƙara nauyi yau, gobe da safe mu duba gwiwa. Idan ta kumbura, an koma baya mataki ɗaya ko biyu, babu roƙo babu lallashi. Kumburin kuma ba a banza yake zaune ba: ruwa kaɗan a cikin gwiwa ya isa ya sa ƙwaƙwalwa ta rage wa tsokar gaban cinya umarni, tsokar ta ƙi ginuwa duk ƙarfen da za a ɗaga. Tsoka ba ƙarfi, gwiwa na shan duka. Gwiwa na shan duka, tana ƙara kumbura. Mutum zai iya yin wata uku yana zagaye a wannan da'irar, likitocinsa kuma kowane sati da gaske suke idan sun ce saura kaɗan.

Na taɓa jinyar wani yaro ɗan wata makarantar horar da ƙwallo, gwani ne na gaske, wanda aka yi wa aikin gwiwa. Wata na huɗu ya ga yana gudu ba ya jin komai, ana kuma maganar masu neman 'yan wasa za su zo gari. Ya saci jiki ya buga wasan sada zumunci a filin ƙasa. Washegari ya shigo mini da gwiwa kamar ƙwarya. Wata huɗun da suka rage suka zama tara. A unguwarsu kuwa labari ya gama gari cewa abokin gurbinsa ne ya yi masa asiri. Sauri ya haifi nawa, amma ba wanda ya so jin wannan bayanin saboda ba shi da daɗin faɗa. Irin wannan gaggawar ce ta sa a yagewar jijiyar ACL, wato igiyar da ta ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri a tsakiyar gwiwa, ake cewa a jira wata tara ko da mutum yana jin garau: wani bincike da aka wallafa a 2016 kan majinyata a Norway ya nuna cewa kowane wata ɗaya da aka ƙara jira, har zuwa na tara, yana rage haɗarin sake jin ciwo da kusan rabi.

Idan kana son ganin iyakar abin da kan faru a bayan labule, tambayi 'yan Arsenal na majalisarku labarin Santi Cazorla. Ranar 19 ga Oktoban 2016 Arsenal ta lallasa Ludogorets 6-0, aka cire shi yana jin ciwo a idon sawun dama. Ciwon tsoho ne, tun wani wasan sada zumunci da Sifaniya ta yi da Chile a 2013 yake fama da shi yana daurewa. Da farko an ɗauka abin kwanaki ne. A Disamba aka yi masa tiyata a Sweden, aka ce wata uku. Daga nan sai shiru. Kaka ta ƙare, wata ta fara, ana tambayar Arsène Wenger yana cewa ba shi da rana. Magoya baya suka yi ta shaci-faɗi: ya tsufa, ya yi ritaya a ɓoye, kulob na jira kwantiraginsa ya ƙare.

Sai a Nuwamban 2017 shi da kansa ya buɗe baki ga jaridar Marca, har da hoton ƙafar. Ashe wurin da aka yanka ne ya ƙi rufewa, a ɗinke ya sake buɗewa, ƙwayoyin cuta sun shiga suna cin nama a hankali. Lokacin da likita Mikel Sánchez ya buɗe ƙafar a birnin Vitoria na Sifaniya, ya tarar sun cinye santimita 8 na agararsa, sun taɓa ƙashin diddige, har an yi fargabar yanke ƙafar. A lokacin hirar an riga an yi masa tiyata takwas. An yanko fata daga hannunsa na hagu, daidai inda ya yi zanen sunan 'yarsa India, aka dasa a diddigen, shi ya sa guntun sunan yake ƙafarsa yanzu. Ya ce a Ingila an gaya masa idan ya samu ya iya yawo da ɗansa a lambun gida, ya gode. Fatar bayan diddige siririya ce, jininta kaɗan, agara kuma tana nan dab a ƙarƙashinta, don haka duk likitan ƙashi yana tsoron miki a wurin. Garin gyaran gira a rasa ido, a nan ne ake ganinsa a zahiri. Cazorla ya sake buga wasan gasa ranar 18 ga Agustan 2018 da rigar Villarreal, bayan kwana 668. A 2019 Sifaniya ta sake kiransa, a 2025 kuma yana da shekara 40 ya taimaka wa Real Oviedo, kulob ɗin yarintarsa, ta hau La Liga. Cikin duk raɗe-raɗin da aka yi a shekarar da ya yi shiru, babu wanda ya kai gaskiyar muni, kuma babu wanda ya kusance ta.

Me ya hana Arsenal faɗa tun farko? Ba nata ba ne ta faɗa. A Ingila da sauran Turai bayanin lafiyar mutum sirrinsa ne a doka, likitan kulob kuma likita ne kafin ya zama ma'aikacin kulob: idan ya fitar da bayani ba da izinin majinyaci ba, lasisinsa na cikin haɗari. A gasar NFL ta Amurka dole ne kowace ƙungiya ta fitar da rahoton masu rauni kafin wasa, amma Firimiya ba ta da wannan dokar. Shi ɗan wasan ma yana da dalilin yin gum. Wanda aka san guringuntsinsa ya lalace farashinsa ya faɗi a kasuwa, kuma duk ɗan bayan da zai haɗu da shi ya san ƙafar da zai taka. Wani lokacin kuma abin da ke damunsa ba a gwiwa kaɗai yake ba. Saurayi ɗan shekara 24 a ƙasar da ba tasu ba, kullum shi kaɗai a ɗakin motsa jiki yana hango abokansa ta taga, ya buɗe waya ya ga ana barkwancin ko yana raye: ba kowa ne zai so fitowa ya yi bayani ba.

Yanzu maganar abokinka mai rantsuwa. Ruwa ba ya tsami banza, zancen ƙwaya yana da tushe, sai dai ba a kan Malacia ba, wanda babu hukumar da ta taɓa tuhumarsa da komai. A 2011 tashar Channel 4 ta Birtaniya ta bankaɗo cewa hukumar FA tana dakatar da 'yan wasan da aka kama da ƙwayoyin holewa a wajen ranar wasa ba tare da bayyana sunansu ba, kuma akwai wanda dakatarwarsa ta wata biyu ta shige cikin lokacin da aka ce yana jinya. Tun daga nan duk wanda ya ɓace sai a ce ga ta nan. Amma ka lura da tsawon: wata biyu. Babban hukunci ba ya ɓoyuwa, don ba kulob ne ke riƙe da shi ba. An dakatar da André Onana yana Ajax a Fabrairun 2021, duniya ta ji, aka rage masa daga wata 12 zuwa 9. Na Paul Pogba ya fito a Satumban 2023, aka yanke masa shekara 4, kotun wasanni ta mayar da shi wata 18. Na Mykhailo Mudryk na Chelsea ya fito a Disamban 2024, 'yan makonni bayan an daina ganinsa a fili. Idan ba a iya rufa wa wanda ya ci kofin duniya asiri ba, ba ɗan bayan hagu na biyu a Old Trafford za a rufa wa har shekara ɗaya da rabi ba.

Faɗa da koci ya fi wannan sauƙin warwarewa, domin shi ba a ɓoye shi ma. Mesut Özil, cire sunansa aka yi daga jerin 'yan wasan Arsenal a Oktoban 2020 kowa na gani. Aubameyang, ƙwace masa kambun kyaftin aka yi a Disamban 2021 da sanarwa. Jadon Sancho da Ten Hag ɗin nan dai a bainar jama'a suka yi tasu a Satumban 2023. Koci yana so a san ya hukunta, don sauran su shiga taitayinsu. Ciwon siyasa akwai shi, ban musa ba, amma lokacinsa sananne ne: kasuwar saye da sayarwa. A Agustan 2017, Barcelona na zawarcin Coutinho, Liverpool ta ce bayansa ke ciwo, ƙarshen watan kuma ya shiga wa Brazil ya ci Ecuador ƙwallo. Irin wannan ciwon da an rufe kasuwa yake warkewa. Ba mai hankalin da zai zauna wata goma sha takwas da gangan, ya rasa gurbinsa, ya rasa kuɗin buga wasa, ya kalli gasar Turai ta 2024 a talabijin alhali kafin ciwon yana cikin tawagar Holan.

Batun jifa kuwa, ni ba malami ba ne, ba zan shiga hurumin da ba nawa ba. Abin da na sani shi ne ɓurɓushin da ke cikin gwiwar Malacia ya fito a hoto, ƙwayoyin cutar da suka ci agarar Cazorla kuma an gano su a ɗakin gwaji an ba su magani sun mutu. A yi addu'a, a kuma ɗauki hoton. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaranmu na nan gida da ake cewa an jefe su, a yi wata shida ana turare da shafe-shafe, sai gammon ya gama rududdugewa sannan a kawo su.

Kulob-kulob ɗin ma ban wanke su ba. Su ne ke faɗin rana alhali sun san gwiwa ba ta san kalanda ba, idan ranar ta wuce kuma sai su yi tsit maimakon su ce an samu koma-baya. Kalma biyu da izinin ɗan wasa sun isa su kashe rabin jita-jitar. Wani lokacin kuma shirun na kare kai ne, saboda an yi kuskure: an makara wajen gano ciwon, ko an yi ta danna wa mutum allurar kashe zafi yana buga wasa har abin ya girma, ko likitan kulob da likitan da ɗan wasa ya zaɓa a ƙasarsu sun saɓa. Idan majalisarku na neman abin zargi, nan ya kamata ta duba, ya fi ƙwaya da jifa kusa da abin da ke faruwa.

Nan gaba idan wani ya daɗe, bar sauraron ranar da koci ya faɗa, ka saurari kalmomin. Idan ka ji an ce zai je ganin ƙwararre a wata ƙasa, an shiga ruɗu. Idan ka ji ƙaramar tiyata ta wanke gwiwa bayan an riga an yi babba, ka ƙara watanni. Hoton gudu shi kaɗai a ciyawa ba ya nufin komai. Alamar da nake yarda da ita ita ce cikakken atisaye da sauran 'yan wasa na sati biyu zuwa uku a jere ba tare da an cire shi ba, sannan wasa da ƙaramar ƙungiya. Haka aka yi da Malacia: ya fara buga minti 45 da 'yan ƙasa da shekara 21 a Nuwamban 2024, sannan Rúben Amorim ya sa shi a wasan Bodø/Glimt, ya kuma cire shi da aka tafi hutun rabin lokaci. A Fabrairun 2025 ya tafi PSV aro, ya ɗauki kofin gasar Holan da su a watan Mayu.